Tafiya Maiduguri da yara uku: me za su ci a hanya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da yara uku: babbar shekararta 7, mai bi mata 3, sai na goye ɗan wata 9. Lokacin hutu mukan tafi Maiduguri daga Kano a motar maigidana. Bara cikin Afrilu na yi dafa-dukan shinkafa bayan isha'i na juye a kula, da asuba muka kama hanya. A Potiskum muka ci da azahar, Baban yara ya ƙaro tsire da zoɓo mai ƙanƙara. Muna wuce Damaturu manyan biyu suka fara amai, ƙaramar har sai da aka yi mata ƙarin ruwa. Tun daga ranar na ce ba mai sake saya wa 'ya'yana komai a hanya ko a gidan abinci. Shi kuma ya ce iyayi ne kawai, ai shi da abincin tasha ya girma. Ga tafiya ta matso, har mun fara 'yar tsama. Ina neman shawara. Daga wata uwa a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Maman yara. Allah ya ƙara musu lafiya, ya raya su. Kafin ki yanke wa mai tsiren Potiskum hukunci, mu fara duba kular da kika fito da ita daga gida, domin a yadda kika ba da labarin, ita ta fi kama da mai laifi.

Dubi lokacin da aman ya taso. Cutar da ake ɗauka a naman da bai gasu ba, ko a gurɓataccen ruwa, yawanci ba ta bayyana nan take. Sai ƙwayar ta zauna a hanji ta hayayyafa, wanda kan ɗauki rabin yini zuwa kwanaki, kuma ta fi zuwa da gudawa da zazzaɓi. Aman da ya ɓarke cikin awa 1 zuwa 6 bayan cin abinci kuwa yana nuna cewa gubar tana cikin abincin tun kafin a kai shi baki, kuma dafaffiyar shinkafar da ta daɗe a ajiye ta yi ƙaurin suna a nan. Akwai ƙwayar cuta mai suna Bacillus cereus da ke biyo ɗanyar shinkafa tun daga gona, tana da ƙwanson da tafasa ba ta kashe shi. Da shinkafa ta sauka daga wuta ta fara hucewa, sai ta farfaɗo ta shiga yaɗuwa tana zubar da guba. Gubar ba ta jin wuta, ko kin sake ɗumama abincin har ya yi turiri tana nan daram. Sau da yawa kuma ba wari, ba tsami, ba yauƙi, hanci ba zai taimake ki ba. Ba wanda zai rantse cewa ita ce tunda ba a gwada ba, zoɓon ma ba mu wanke shi ba, amma shinkafar da ta kwana a kula, ta kuma yi rabin yini a bayan mota cikin zafin Afrilu, ba abin da za a ba yaro ba ne.

Kula ba ta ƙara wa abinci zafi, ba ta kuma sanyaya shi, jinkirta hucewarsa kawai take yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙwayoyin cuta suna yaɗuwa a abinci tsakanin digiri 5 da 60, kuma inda suka fi jin daɗi shi ne ɗumi-ɗumin nan da muke cewa "ai da sauran zafinsa". Ƙa'idar da ake bi ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a wannan yanayi, idan kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa 1 tal. Hanyar Yobe da Borno a Afrilu da Mayu ta kan haura 40. Saboda haka abin dubawa ba shi ne a gida aka dafa ko a tasha ba. Yaushe ya sauka daga wuta, kuma me ya taɓa shi bayan ya sauka?

Tafiyarku kusan kilomita 600 ce, yini guda. Ki raba ta gida biyu: daga Kano zuwa Azare a ci na gida, daga Potiskum zuwa gaba a ci busasshen guzuri da abin da aka sauke daga wuta a gabanku.

Idan kina son tafiya da abinci mai zafi, da asubar ranar za ki dafa, ba daren jiya ba. Ki zuba tafasasshen ruwa a kular ki rufe na minti 10, ki zubar, sannan ki juye abincin kai tsaye daga tukunya yana tururi. Ki cika ta har baki, don rabin kula ya fi saurin hucewa. Kada a riƙa buɗewa ana ɗiba. A cinye kafin awa 4, wato wajen Wudil zuwa Azare. In kin buɗe ba turiri, yaro zai iya kai loma ba tare da an hura masa ba, to ya riga ya sauka. Ragowar kuma kada ki ce za a ƙarasa a Damaturu, nan ne mata da yawa ke faɗawa saboda tsoron almubazzaranci. Ki dafa daidai cikinku tun farko.

Kula ta biyu ta sanyi ce. Ki saka ledar ruwa 6 zuwa 8 a firiza su daskare, ki jera rabi a ƙasa rabi a sama, a tsakiya ki sa dafaffen ƙwai da aka tafasa minti 10 ba a ɓare ba, da yogot na kamfani. Ki ajiye ta cikin mota a ƙasan kujera inda rana ba ta bugu, ba a but ba. Idan ledojin suka narke kun sami ruwan sha mai sanyi da kika san asalinsa. In babu wuta a unguwarku kika sayi ƙanƙarar kasuwa, ta tsaya a aikin sanyayawa, kada ta shiga kofin kowa. Sauran guzurin ya zama wanda zafi ba ya yi wa komai: burodi, markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta shafawa, dambun naman da ya soyu ya bushe sosai, biskit mara zaƙi da yawa, ayaba da lemon zaƙi.

A wani ɓangaren Baban yara yana da gaskiya. Ƙosan da aka tsamo daga mai yanzu, wainar da aka ɗago daga tanda, awara ko doya da ƙwai da aka soya kina tsaye, ɗanwaken da aka kwaso daga tafasasshen ruwa, duk sun fi kularki ta bara aminci nesa ba kusa ba. Haka tuwo da miya a wurin da tukunya ke kan murhu. Abin da za ku duba idan kun tsaya: ana ciniki sosai har abinci ba ya zama? Tukwane a rufe suke? Miya tana tafasa ko an sauke ta tun hantsi? Wadda ke zuba abinci ita ce ke karɓar kuɗi da hannun da take zubawa da shi? Ku daidaita tafiyar yadda za ku isa wurin cin abinci tsakanin 12 da 2 na rana, lokacin da aka sauke girkin rana. Wanda ya je da la'asar ragowa zai samu.

Kada tayil da na'urar sanyaya ɗaki su ruɗe ki. A gidajen abinci na zamani sau da yawa za ki ga soyayyar shinkafa da kaza cikin akwatin gilashi, an kunna musu ƙwan lantarki tun safe. Sau da yawa ƙwan nan ba ya riƙe abinci a digiri 60, ɗumin da ƙwayoyin cuta ke so yake ba shi. Ki tambaya kai tsaye, "Yaushe aka sauke?" In an yi miki kwana-kwana, ki nemi abin da za a dafa yanzu. Mai tuwon bakin tasha da wutarta ke ci ta fi irin wannan wuri.

Inda gizo ke saƙar shi ne abubuwan da ke rakiyar abincin. Na farko kwano da cokali. Ki leƙa bayan rumfa ki ga bahon wanke-wanke: in ruwa ɗaya ne tun safe, ya yi kauri da maiƙo, kin san abin da ke kan farantin. Ki tafi da kwanukanku da cokula da kofuna, ki miƙa a zuba muku, masu abincin hanya sun saba da haka. Na biyu kwanon wanke hannu da kowa ke tsomawa. Kada yara su tsoma. Buta da guntun sabulu a leda sun isa: a zuba musu ruwa, su cuɗa hannu na daƙiƙa 20, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Sanitaiza mai sinadarin alkohol kashi 60 cikin 100 tana taimakawa, amma ba ta aiki sosai a hannun da ke da maiƙo ko ƙasa. Na uku ɗanyen haɗi: latas, kabeji, kokwamba, tumatir da aka yanka tun safe aka kwaɓa da bama. Wannan a bar shi sai an koma gida.

Tsire ma ba sai an haramta shi ba, sayensa ne ke da ƙa'ida. Yawancin tsiren da ke jere a gefen tukuba an gasa shi tun ɗazu. A ce wa mai nama ya mayar da shi tsakiyar wuta har ya riƙa ƙara yana tsatso mai, a yanka a ga babu ja a ciki. Sannan a dakatar da shi kafin ya kai hannu ga yaji da albasa da kabeji, domin su ba su ga wuta ba, kuma wuƙa ɗaya da katako ɗaya ke yanka su da naman. A karɓa a kwanonku maimakon tsohuwar jarida, ki barbaɗa yajin da kika zo da shi. Balangun da ke kwance cikin romo mai ɗumi-ɗumi a wuce shi. 'Yar shekara 3 a yayyanka mata ƙanana sosai, kilishi kuwa ya yi mata tauri da yaji.

Abin sha ya fi nama haɗari. Zoɓo, kunun zaƙi, kunun aya da lamurje da ake ɗurawa a tsofaffin robobi, ba ki san ruwan da aka sirka su da shi ba, ba ki san na ƙanƙarar ba, ba ki san ko an wanke robar ba. Daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin taifod da kwalara. Kunun aya ya fi duka saurin lalacewa, 'yan awanni a zafi sun ishe shi. Fura da nono akwai gina jiki, amma ta hanya da hannu ake dama ta, ana ƙara mata ruwa, kuma ba kullum ake tafasa madarar ba. In yaran suna so, ki taho da furarki ki dama da yogot ɗin cikin kularki, mai lambar NAFDAC, wanda kwanan watansa bai wuce ba kuma robar ba ta kumbura ba. Ruwan leda ki ɗaga shi sama ki duba ko akwai abin da ke yawo ciki, sannan ki lura da bayan ledar: ta kwana cikin bokitin narkakkiyar ƙanƙara, hannaye da yawa sun jagwalgwala ta, ga yaro zai sa haƙori a kusurwarta ya tsotsa. Ki wanke bayan, ki huda, ki zuba a kofi.

Lemon kwalba ba ya ɗauke da cuta, amma kwalbar santilita 35 tana da sukari kusan cokalin shayi 9, tana kashe wa yaro cin abinci kuma ba ta maye gurbin ruwa. A raba ɗaya ga manyan biyu bayan sun ci, in ya zama dole. Lemukan ƙara kuzari ba na yara ba ne sam. A wurin mai shayi, ruwan tafasasshe ne, sai dai ki ce a haɗa musu madara ba ganyen shayi mai kauri ba. Kankana, abarba da gwanda da aka yanka aka ɗaure a leda, da raken da aka fere ana yayyafa masa ruwa, duk a wuce su. A sayi ɗan itacen da bawonsa, ki wanke, ki yanka da wuƙarki.

Na goye shi ne mafi sauƙi. Nono shi ne abincinsa mafi aminci a hanya, ki ba shi akai-akai, ke kuma ki sha ruwa sosai. A wata 9 yana buƙatar ci 3 zuwa 4 a rana, kowanne kamar rabin kofi mai cin mililita 250. Ki dama kununsa da asuba ki zuba a filas da aka ɗauraye da ruwan zafi, ya sha na safe. Na rana ki murƙushe masa ayaba, ko ki dama garin jarirai na gwangwani a take da tafasasshen ruwan filas. Kofi da cokali za ki yi amfani da su, fida tana da wuyar wankewa a hanya, kuma abin da ya rage a zubar. Ba a ba shi zuma sai ya cika shekara 1, ba a kuma miƙa masa tsire ya tsotsa. Ita kuma 'yar shekara 3, kada a ba ta gyaɗa ƙwaya-ƙwaya, aya, gugguru, alewa mai tauri ko dabino da ƙwallonsa mota tana tafiya. Rami ɗaya direba zai faɗa abu ya maƙale mata a maƙogwaro. A tsaya a ci a zaune.

Wani aman kuma na mota ne kawai, ya fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 12. Alamarsa yaro ya yi shiru, ya yi gumi, ya yi amai, da an tsaya ya sha iska sai ya warware, ba gudawa ba zazzaɓi. Maganinsa karin kumallo mara maiƙo, a hana kallon waya, a sa shi ya riƙa duban hanya ta gaba, a ɗan sauke gilashi.

Idan kun isa Maiduguri Baban yara ya ce a fita cin abinci, ki shirya ku tafi. Faranti ɗaya na babba ya ishi manyan biyu. Ki tabbata akwai mai gina jiki a ciki, wake ko ƙwai ko nama ko kifi, garin kuwa ba a rasa kifi, sai dai ki zauna ki cire ƙaya da hannunki. Maimakon ɗanyen ganye, miyar kuka, kuɓewa, zogale ko alayyahu ta biya buƙata tunda ta dahu. Sinasir mai zafi da miya, ko burabusko, sun fi soyayyen dankali da lemo amfani a jikinsu. Ki ce a sa yaji a gefe. Indomie in za a dafa musu, rabin garin ɗanɗanon ya isa saboda gishirinsa, a fasa ƙwai a kai, kuma kada ta zama ta kullum. Shawarma a ce ban da kabeji da kirim. Askirim ɗin da ya canza siffa ko ya yi ƙanƙara-ƙanƙara a sama, narkewa ya yi aka sake daskarar da shi bayan ɗauke wuta, a mayar. Abin da kuka ƙunso zuwa masauki kuwa lissafin awa 2 ɗin nan yana kansa.

Maganar maigida, kada ki tayar da ita a cikin mota gaban yara, mai talla na tsaye a taga. Ki same shi a gida cikin natsuwa, ki fara da batun shinkafar, zai fi sauraron sauran. Cewa da ya yi da abincin tasha ya girma gaskiya ne, amma jikin babba yana da ajiyar ruwan da na 'yar shekara 3 ba shi da shi. Abin da zai sa shi zagayawa sau biyu ya wuce, ita zai iya kai ta gadon asibiti cikin yini ɗaya, kuma gudawa tana cikin manyan cututtukan da ke kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 a duniya. Ki janye dokar hana saye gaba ɗaya, ki bar masa sayayyar a hannunsa bisa sharaɗi uku da zai iya riƙewa: daga wuta, ba ɗanye, ba ƙanƙara. Uba yana son ya ga ya saya wa 'ya'yansa abu a hanya, kada ki ƙwace masa wannan.

Duk da haka ki shiga kemis kafin tafiya ki sayi ƙunshin gishiri da sukari na ORS kamar 4, da ƙwayar zinc ta yara. Ki karanta jikin ƙunshin, yawanci na lita 1 ne, wato ledar ruwa 2 masu santilita 50. Kada ki rage ruwan don ya yi ƙarfi, gishirin zai yi wa yaro yawa. In babu, ki haɗa cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri, duka a shafe ba a tula ba, cikin lita 1 na ruwa mai tsabta. Bayan kowace gudawa, ɗan ƙasa da shekara 2 ya sha mililita 50 zuwa 100, mai shekara 2 zuwa 10 ya sha 100 zuwa 200, kaɗan-kaɗan da cokali ko kurɓi. In ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba a hankali. Haɗin da ya kai awa 24 a zubar a yi sabo. Zinc miligiram 20 ne sau ɗaya a rana na kwana 10 zuwa 14 ga wanda ya wuce wata 6, kuma a ƙarasa ko gudawar ta tsaya. A ci gaba da ba da nono da abinci. Kada ki ba su maganin tsayar da gudawa na manya, kada kuma ki fara Flagyl ko wani maganin kashe ƙwayoyin cuta ba da umarnin likita ba. Lemon kwalba a wannan hali ƙara gudawar yake yi.

Idan yaro ya kasa sha ko kama nono, yana amayar da duk abin da ya shiga cikinsa, idanunsa sun faɗa, maɗigar jariri ta lotsa, kin ja fatar cikinsa ta daɗe ba ta koma ba, fitsari ya ɗauke, akwai jini a bayan gida, jikinsa ya saki ko yana jijjiga, to ba a cewa bari mu ƙarasa Maiduguri. Azare, Potiskum da Damaturu duk suna da manyan asibitoci. Ku nufi wanda ya fi kusa, kina ɗura masa ruwan gishiri da sukarin da cokali a hanya muddin yana iya haɗiya.